Lamba Arba'in da Bakwai

Gwaggo Tasalla ta ce, "Cindo ake ce masa.
Dako yake yi a kwata. Iyakar sanina ke nan."
Ta koma kan kaskon ƙosanta
kamar kuɗin albasa na tambaye ta.

Masu sarauta sun bar maroƙa,
malamai sun bar gafaka.
Kakanmu gammo ya mallaka,
gammo kuwa ba ya ganin damina biyu.

Wata uku ina zarya a Garwa
kafin Malam Hamajoda ya gano makullin
wani ɗaki bayan tsohon ofishin kwata.
Gara ta riga ni karatu.
Ta cinye shekara huɗu cur,
ta rage mini Agustan hamsin da ɗaya,
lokacin da Binuwai ke cika ta batse,
jirage su hauro da gishiri da siminti,
su gangara da gyaɗa da auduga,
a yi ta lodi ba dare ba rana
kada ruwa ya janye jirgi ya kafe.

A shafi na goma sha biyu na same shi.
Akawun Faransa ya rubuta Tchindo.
Haruffa biyu ya ƙara wa sunan,
duk kundin ban ga wani ƙari da aka yi masa ba.

Lamba arba'in da bakwai.
Litinin, buhu tamanin.
Talata, tamanin da shida.
Laraba an yanke rabin lada,
buhun gishiri ya faɗa kogi.
Ba a faɗi ko shi ma ya faɗa ba.

Daga nan kwana tara babu shi.
Layi tara, fayau, ba ko ɗigo.
Na kai wa Gwaggo lissafin,
ta daɗe tana juya ƙosai ɗaya.
"Ko lokacin da ƙyanda ta ɗauki Kulu ne?
Ko kuwa bayansa ne ya riƙe.
Ni ina goye, wa zan tambaya?"

Aka ce in nemi Baba Sali a Yelwa,
shi ya yi tallan ruwa a kwata yana yaro.
Na tarar ido ya tafi, baki na nan.
"Cindo? Ai biyu ne, dogo da gajere.
Ɗaya ba ya gudu a kan katakon jirgi,
tafiya yake kamar ya ɗauko jinjiri,
hedima na zagi, shi ko a jikinsa.
Ɗayan ya ci bashin goro biyu wurin uwata,
har yau shiru."

Na ce wanne ne nawa?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wanne kake so?"

Na sayo goro biyu, farare, na biya.
In na dogon ne, na sauke masa.
In na gajeren ne, ai tare suka sha rana.

Bayan hamsin da takwas babu sunansa ko'ina.
Na bi maƙabarta uku,
ƙasa ba ta riƙe rajista.

Amma ranar biya, a gefen shafi,
inda masu boko ke sa hannu,
ya dangwala babban yatsa.
Tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa,
tsakiyar zanen kuma a shafe take,
igiya da buhu sun cinye layukan.

Na faki idon Malam Hamajoda
na ɗora nawa a kai,
yatsan da alli kaɗai ya sani.
Bai rufe shi ba.
Ta kowane gefe kakana ya leƙo.

Da yamma na sauka kwata.
Babu jirgi, sai masu ɗibar yashi
da wani yaro yana wanke babur.
Na ɗaga buhun yashi ɗaya in ji,
ban kai shi gwiwa ba.
Mai yashin ya ce, "Malam, ajiye,
ba aikinku ba ne."

Na buɗe baki in gaya masa ko jikan wa ne ni,
sai na ajiye.