Renon Ruwa

Shekara talatin ina walda a tashar jiragen Gdansk,
na san ƙarfe, na san wuta,
ban san ana renon ruwa ba.

Jikata Jagoda ta kawo akwatin gilashi,
ta aje inda keken ɗinkin Halina yake a da.
Ta ce, Kaka, kar ka sa kifi tukuna,
sai mako huɗu ruwan zai nuna.

Na wanke tsakuwa sau bakwai,
na dasa ciyawa da yatsu masu kanta.
Kwana biyar, ruwa ya yi dususu
kamar na wankin shinkafa.
Na buga waya. Ta ce, bar shi, zai kwanta.

Ina zaune ina gadin ruwa ba kowa ciki,
maƙwabcina Leszek ya leƙo, ya ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ran Asabar, ƙanƙara na zuba,
na ɗauko su shida a leda, cikin kwat, a ƙirjina.
Shuɗi da ja, babu wanda ya kai ɗan yatsa.
Na bar ledar ta yi iyo rabin awa
kafin in kwance bakinta.

Sai na ciyar da su irin na mai kunyar baƙo.
Da safe ɗaya ya juya ciki sama.
Yana tukunyar furen Halina.

Yanzu ɗan tsunkule, sau ɗaya a rana.
Lahadi in kwashe bokiti guda,
in mayar da ruwan da ya kwana.

Su biyar suna kai da kawowa.
Jiya Leszek ya shigo da kujerarsa.