Tafkin da Ƙanƙara Ta Haƙa

Ni da ƙanƙara mun san juna.
Shekara sha ɗaya ina ƙulla ta a leda a Gwammaja,
ina roƙon a kawo wuta kafin la'asar.
Abar da ko soro ba ta kaiwa
sai ta fara hawaye a gindin kula.

Jiya Tasi'u ya turo hoto daga inda yake karatu:
ruwa shuɗi, kamar an juye marinar Ƙofar Mata cikin kwari,
duwatsu tsaye a kansa, Dala ba ta kai musu gwiwa ba.
Ya ce, "Yaya, 'yar sana'arki ce ta haƙa shi."

Na yi dariya har Ladiyo ta leƙo ta katanga.

Ya ce tun ba a fara ƙirga shekaru ba
ta taru, ta yi tozo, ta rarrafo,
tafiyar da hawainiya ma za ta raina,
tana ɓarzar dutse kamar tsaki,
tana tura tsakuwa gaba
har ta toshe bakin kwarin da kanta.
Da duniya ta yi ɗumi
sai ta mace a ramin da ta haƙa.
Wai gawarta ce ruwan.

Wai guga ba ya jin ƙasansa.
Akwai kifi mai ɗigon ja a haƙarƙari
da bai taɓa sanin zafin Afrilu ba,
da tsuntsu mai nutso, kukansa guɗa ce cikin dare,
da barewa mai ƙaho kamar reshen tsamiya.
Agwagin wajen kuwa, in sanyi ya matsa,
wasunsu har fadamar Nguru suke zuwa cin rani.

Namu kududdufin hannu ya haƙa shi.
Ƙasarsa ce ɗakin da aka haife mu.
Yanzu kainuwa, kwaɗi, leda,
da tifa mai zuwa kullum tana rage masa baki.

Da hantsi na ɗauki ƙulli guda, na naira ɗari,
na kwance shi a tsakar gida, kan turɓaya,
na tsuguna.
Bai niƙa komai ba.
Sai ɗan gurbi, faɗin marfin kwano.
Kurciya ta sauko, ta dube ni, ta sha.

Ban gaya wa Tasi'u ba.
Yaro na ta sallama a soro, wai a ba shi ta hamsin.