Silin da Mai Awo Ya Ƙi

A Antalaha ruwa ya kwana yana dukan kwano.
Da safe mai awo ya zo da sikelinsa,
ya shinshina, ya lanƙwasa, ya ware dogaye gefe,
sai ya ɗaga sili ɗaya da ya tsage a baki:
"Wannan ba ya shiga jirgi."
Na ce to. Na soke shi a ɗankwalina.

Shekara goma sha tara ina aurar da furen banila
da tsinken ƙayar lemo, fure bayan fure,
tun da sanyin safiya, don furen ba ya jiran rana ta take.
In yi gadi, in tsinka, in shanya, in nannaɗe a bargo,
ƙamshin ya haye teku a cikin kwali,
ni ko ban taɓa sa shi a harshena ba.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Yau Tsiory ya cika bakwai.
Na ranto fulawa kofi uku a shagon Ravaka,
da bota rabin gwangwani, da sukari,
ƙwai biyu kuwa kazarmu mai ɗingishi ta bayar.
Na tsaga silin da wuƙa, na kankare cikinsa,
baƙi wuluk, kamar kwalli a bakin tsinke,
na shafe shi a cikin bota.

Kwaɓin ya ƙi ni da fari, yana ta wargajewa.
Na lallashe shi da cokali ɗaya na ruwa.
Da kwalbar mai muka murza shi a kan tebur,
da bakin kofin shayi Tsiory ya yanka,
wata, wata, wata,
yana satar gefuna yana zaton ban gani ba.

Ba mu da tanda.
Tukunyar shinkafa ce, yashi a gindi, faranti a kai,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.
Zubin farko ya ƙone ƙurmus,
kare ma sai da ya yi shawara.
Na rage wuta. Na zauna. Na daina leƙawa.
Na biyu ya fito da gefe ja-ja, tsakiya fari,
ɗigon baƙi a jikinsa kamar ƙwan zabuwa.

Sukari na daka a turmi har ya koma gari,
na matsa lemon tsami, na dama da kauri,
na ɗura a leda, na yanke mata kusurwa.
Tsiory ya ce hawainiya zai zana.
Ya ciji harshe, ya matsa, hannu na rawa,
abin ya fito kwalekwale mai wutsiya.
Kakarsa Bakoly, da idonta ɗaya mai gani,
ta yi fure mai kunne biyar, ta ce shida ne.
Ni bakwai kawai na rubuta, ta karkace,
ta zama fartanya.

Da magariba Herizo ya dawo daga gona,
adda a kafaɗa, taɓo har gwiwa.
Ya tsaya a ƙofa yana buɗe hanci
kamar wanda ya ji muryar ɗan'uwa a baƙon gari.
Ya ɗauki mai kwalekwale, ya gatsa,
ya daɗe bai haɗiye ba.
"Ashe abin da suke saye ke nan."

Goma sha takwas muka yi, ban da na kare.
Ravaka biyu, kan bashinta.
Saura ɗaya na rufe a gwangwani, na ɗora kan kwanon ruwa
don tururuwa sun riga sun ji labari.
Na mai awo ne.
Gobe in ya zo da sikelinsa zan miƙa masa,
in tsaya in ga
ko zai gane wanda ya ƙi.