Layi na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

A Tromso rana ta yi yaji tun watan jiya,
ƙarfe biyu na azahar sai da fitila.
Ni Tordis, ina can ƙasan benen asibiti,
kofina ya huce, ƙanƙara na narkewa a takalmina,
maganaɗisu na ta bugu kamar maƙerin da ake bi bashi.

Wanda ke kwance a cikinsa Eilif ne.
Na karɓi agogonsa, da zobe, da makullin kwalekwalensa,
ya ce, "Kar ki manta ki rufe wa ruwa baki."
Sai ka ce zan manta. Shi ya koya mini:
a cikin kan mutum ruwa ya fi kowa surutu,
sai an ce masa ya isa haka
kafin a ji ƙananan muryoyi,
kolin, kiriyatin,
da laktat, baƙon da ba a yi wa shimfiɗa.

Shekara goma sha tara ke nan da ya rubuta manhajar
a teburin kicin, matarsa na soya kifi a bayansa.
Ita ke kwaikwayon muryar kowane sinadari
tun kafin a ji ta, ta zana tudunta da kwarinta,
mu aza zanen a kan na majinyaci,
mu ga wa ya yi yawa, wa ya yi ɓatan dabo.

Wani kamfani ya taya. Ya ce albarka.
Ya shanya ta a fili, ba ƙofa ba kwaɗo,
ya ce kazar da aka bari cikin gashinta
ba a sanin ramarta.

To, an fige ta kuwa.
Wata ɗaliba a Valdivia, Nélida Quilodrán,
da kwamfutar aro, ruwan sama na dukan kwanon ɗakinta,
ta bi lissafin layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
A layi na ɗari huɗu da sha biyu ta tsaya:
ya ɗebe inda ya kamata ya tara.
Ɗan karan nan guda, bai kai gashin ido ba,
shekara shida yana rage wa laktat tsawo.

Kwana uku Eilif bai amsa gaisuwar kowa ba.
A na huɗu ya sa sunanta a saman nasa.
Ba su taɓa haɗuwa ba. Bai ma iya faɗin sunan daidai ba.

Yanzu bugun ya tsaya.
Zane na fitowa a allo daga dama zuwa hagu,
tsaunuka sirara kamar na bakin tekunmu,
ga kuma ƙananan tudu biyu, kafaɗa da kafaɗa,
a inda na so in ga fili.
Na sake lissafin. Na kuma sakewa.
Ba ni zan faɗa ba, likita zai faɗa ran Litinin.

Ya fito yana lalube tabarau.
Bai tambaye ni me na gani ba.
Ya ce, "Da wacce kika auna?"
Na ce, "Da gyararriyar."
Ya gyaɗa kai. "To, na yarda da ita."

Ya ɗaura agogo, ya sa zobe da ƙyar,
ya manta makullin a kan teburina.
Na bi shi da gudu har bakin titi, cikin duhu, ba hula.