Haruffan Dalma

A Kolkata, a lungun da ruwan damina
ke shiga shago ba sallama,
Haradhan na zaune, shekara saba'in da huɗu,
yana tsintar haruffan dalma da hantsaki
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Shiuli ta faɗo, lemarta a karye,
littafin rubutunta ɗaure da zare.
"Sau uku ana dawo mini da shi, Kaka.
Na ƙarshen ko ƙullin bai kwance ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo hannu."
Ya ɗora mata harafi guda, baƙi wuluk,
gefensa ya cinye kamar haƙorin tsohuwa.

"Wannan ya girmi uwarki.
Kafin shi, a ganyen giginya ake rubutu.
Gara ta ci nata, ambaliya ta kwashi nata,
ɗan guntun da ya tsira shi kuke kira tarihi.
Na buga wa wani malamin lissafi mujalla
da kuɗin awarwaron matarsa.
Kwafi ɗari. Aka sayi tara.
Na buga wa wata da ta ɓoye sunanta
a bayan sunan kogi.
Na buga wa wani yaro da 'yan sanda suka zo nema,
har yau ban ji labarinsa ba.
Duba titunan nan kaf,
babu wanda aka raɗa wa sunan ɗayansu."

"To, me suka samu?"

Ya nuna ƙofa da haɓa.

A tsallaken titi mai guggurun shinkafa
ya naɗe tsohon shafi, ya zuba, ya barbaɗa barkono.
Wani mai jan keken haya ya saya, ya cinye,
ya warware takardar zai goge hannu,
sai ya tsaya.
Leɓɓansa na motsi.
Fasinja na kira, ruwa na dukan wuyansa.
Ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihu.

"Ba za ki san ranar ba," in ji Haradhan,
"ba kuma mai zuwa ya faɗa miki.
Mai dasa giginya ba don inuwar bana ya dasa ba.
Kwance zaren. Idona ya gaji,
kunnena kuwa yana nan."

Ta karanta, murya na rawa.
Ya saurara, ido a rufe, har ƙarshen shafi.

"Layi na uku ƙarya ne, kin sani.
Sake shi.
Sauran ki kawo gobe, da sassafe,
kafin tawada ta yi sanyi."