Reshen Maɗaci

Saura kwana biyu Kirsimeti,
Baba Nomau ya tashe ni kafin zakara ya yi na biyu.
Sanyi ya daskarar da man kaɗanya a kwalba,
ruwan randa ya zama abokin gaba.
Gatarin na aro ne, na Malam Sadisu maƙwabcinmu;
ya miƙo shi ta kan danga yana tari:
"A dawo min da shi da kaifinsa, ban da giɓi."

Muka bar Gani a baya, muka miƙe kudu,
hannuwana a hammata, haƙorana na kiɗan kansu.
Baba bai ce uffan ba sai a fadama.
"Taka inda na taka.
Hanyar nan siririya ce don mutane sun yi haƙuri da ita.
In kowa ya ƙara mata taku ɗaya,
fangalin albasar Kande ya zama kasuwa."

Wata mata ta taho da damin itace a ka.
Baba ya ratse cikin ƙarangiya, ya jawo ni.
"Mai kaya ke da hanya.
Sannu da aiki!"
"Yawwa, sannunku da sanyi."
Ƙayar da na yi ta cira a wando, kuɗin makaranta ce.

A bakin daji, ga toka tana numfashi,
wani ya ji ɗumi ya yi tafiyarsa.
Baba ya tura ƙasa da ƙafa ya binne ta,
bai zagi kowa ba.
Ya dai dubi busasshiyar gamba, ya dube ni.

Juli makiyayi na tsaye, sanda a wuya.
Gaisuwa ta bi gida, ta bi yara, har ta kai kan shanu.
Ya ce kada mu bi ta rafi, karsana na naƙuda.
Muka zagaya. Ƙafata ta yi gunaguni, ni ban yi ba.

Can na hango ɗan gawo, kore shar, daidai tsayina,
shi kaɗai da riga a watan da kowa ya tuɓe.
Na ɗaga gatari.
Baba ya riƙe ƙotar.
"Wannan tuwon awaki ne ranar da babu.
Ba a taɓa ɗorawa, ba a taɓa kaɗanya,
tsamiya kuwa bar ta da masu ita.
Reshe ɗaya muka ce wa mai unguwa.
Ɗaya."

Rana ta kai gashin ƙeya kafin ya zaɓa:
wani maɗaci, reshensa na ƙasa
ya karkace yana gugar ɗan'uwansa.
"Fara ta ƙasa, kada ɓawo ya yage.
A karkace, don ruwa ya zame."
Sara bakwai na yi, biyu a iska.
Ya kwaɓa laka da ruwan gorarmu na ƙarshe
ya shafe wurin kamar mai ɗaure wa jika ciwo.

Da muka juyo, reshe a kafaɗata,
wani mai keke ya sauka, ya ratse cikin ciyawa.
Sai da na wuce na gane
ni ya ba wa hanya.

Rifkatu ta kafa shi a bokitin yashi,
ta rataya masa auduga da takardun alewa,
da tauraro na kwalin sukari.
Itace mafi ɗaci a dajinmu,
ga shi ɗauke da zaƙi har wuya.
Kwana uku ganyen ya sunkuya, awaki suka ƙarasa bikin.
Gatari ya koma ta kan danga da kwanon shinkafa;
Malam Sadisu ya shafa bakinsa da babban yatsa
kafin ya buɗe kwanon.

Bana Baba ba ya nan.
Na koma da tawa 'yar, ina so in nuna mata wurin.
Maɗatai biyar ne a tsaye.
Na zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ina lalube da tafin hannu,
ban gane wanne ba ne.