Kilo Tamanin da Uku

A Owode Onirin nake, bakin sikeli,
shekara tara ina auna abin da Legas ta tauna ta tofar:
ƙofar danfo, kan janareta, haƙarƙarin firji.
Ƙarfe ba shi da suna in ya hau ƙugiya,
duk kilo ne a wurina.

Sai ga Morenike, wata Laraba da ruwa ya ɗauke,
da takalmin roba har gwiwa, da tabon walda a bayan hannu.
Ba ta taya ba, ba ta nemi ragi ba.
Ta tsuguna cikin tsatsa tana juya tarkace
kamar mai zaɓen doya a Ketu.
Ta ɗauki salansa ta kara a kunne.
Yara suka ce, "Anya ƙalau take?"
Ni dai na auna, na karɓi kuɗina.

Wata huɗu, sai ga kati fari ƙal. Ikoyi.
Na sa shaddar Juma'a, na bi doguwar gada,
ruwa hagu, ruwa dama,
kwandasta yana masifa a kan canjin ɗari biyu.

Ɗakin ba taga, sanyi kamar cikin randa.
A bango wata mace ce da shuɗiyar fuska,
an bar mata ido ɗaya ba a gama ba,
wai da gangan.
Gefenta hoton hannayen masunta na Makoko,
hannaye kawai, ba kai, ba jirgi,
amma na ji ƙarnin kifi har maƙoshi.

Can tsakiya kuwa ga zalɓe,
ya fi ni tsawo, tsaye da ƙafa guda.
Wuyansa salansar nan ce.
Fiffikensa ƙofar danfo, rawaya da baƙin layi biyu.
Gashinsa cokula, ɗaruruwa,
kowanne ya taɓa shiga bakin wani.
Na zagaya ta gaba, sai ƙafata ta ƙi tafiya.

Ƙirjinsa tankin babur ne, ja, ya lotsa ta hagu,
kuma ga rubutun da aka yi da ƙusa:
SAI HAƘURI.
Rubutun Tanimu ne, ƙanena.
Na san yadda yake manta ƙugiyar ƙa ya dawo ya ƙara.
Babur ɗin da aka kama a Oshodi aka niƙe,
ya koma Gumel da hular kwano kaɗai a jaka.
Ashe ta sikelina tankin ya wuce
ban ɗaga ido ba.

Na miƙa hannu.
Mai gadi ya ce ba a taɓawa.
Ni da na ɗora shi a ƙugiya da hannun nan,
ni da tsatsarsa ta kwana a farcena.

Idona ya yi aikinsa: kilo tamanin da uku.
Na duba 'yar takardar da ke ƙasa,
na ƙirga sifili, na sake ƙirgawa,
kuɗin ya sayi babur goma har da mai.
Na so in yi fushi. Na nemi fushin ko'ina,
sai na tarar zalɓen yana kallon ƙasa
irin kallon da Tanimu ke yi wa titi da asuba
kafin fasinjan farko.

Morenike ta zo da kofi a hannu, ta ce, "Ka gane shi?"
Na ce, "Ɗan'uwana ne."
Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.
Na bar ta a haka.

Yanzu aiki ya ɗan yi mini nawa.
Mai gida yana ƙorafi, wai na cika juya kaya.
Jiya wani yaro ya kawo buhun gwangwan,
a ciki akwai fankar da ta rasa kunne ɗaya.
Na auna sauran.
Ita tana ƙarƙashin bencina,
ban san me za ta zama ba tukuna.